Yadda Ake Haɗa Waya da Kafa Ƙararrawar Hayaƙi da ta Zafi a Cikin Gida

Akasarin mutanen da gobarar gida ke hallakawa hayaƙi ne ke fara cim musu kafin harshen wuta ya iso, musamman idan wutar ta tashi cikin dare. Katifa da kujerun soso da robobi idan suna ci suna fitar da iskar kabon monoksaid da wasu iskoki masu guba, kuma ba a dogara da cewa wari zai farkar da mai barci, domin hayaƙin yakan ƙara nannauyar da shi ne kawai. Aikin ƙararrawa shi ne ta tayar da mutanen gida tun hanyar fita tana biyuwa. Hakan ba zai samu ba sai an cika sharuɗɗa biyu: a ji ƙararta a ɗakin kwana ko da ƙofa tana rufe, sannan kada ta riƙa damun mutane da kukan ƙarya har wani ya gaji ya zare mata batir. Duk ƙa'idojin da za a bayyana a nan, na wuri da na waya, waɗannan sharuɗɗa biyu suke karewa.

Wace na'ura ce ta dace da wane ɗaki

Ƙararrawar hayaƙi iri biyu ce. Ta farko tana aiki da haske: a cikinta akwai ɗan ɗaki mai duhu, da ƙaramar fitila, da idon lantarki da aka kautar daga fitilar, ta yadda idan hayaƙi ya shiga sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon, ƙararrawa ta ɗauka. Wannan nau'i ya fi saurin gano wutar da ke cin ƙasa-ƙasa, irin ta katifa ko kujera ko wayar lantarki da ta yi zafi, wadda takan daɗe tana fitar da hayaƙi mai kauri kafin ta kama sosai. Ta biyu tana ɗauke da ɗan ƙanƙanin sinadarin amerisiyom-241, wanda ke sa wata 'yar wutar lantarki ta riƙa ratsa iskar da ke tsakanin faranti biyu, kuma da zarar hayaƙi ya rage wannan wuta sai na'urar ta yi ƙara. Ita tana saurin jin wuta mai harshe, irin ta takarda ko mai, amma kuma ita ce ta fi yawan tashi saboda ƙaurin girki, kuma a wasu ƙasashen Turai an daina sayar da ita domin gidaje. A ganina, wanda zai sayi nau'i ɗaya domin falo da hanyar ɗakuna ya ɗauki mai aiki da haske, ko kuma wadda ta haɗa ma'aunin haske da na zafi a jiki ɗaya.

Ƙararrawar zafi ba ruwanta da hayaƙi ko tururi. Tana jira ne zafin iskar da ke ƙarƙashin silin ya kai wani mizani, galibi kusan digiri 58 a ma'aunin Salshiyos, wasu kuma suna tashi idan zafin ya yi hawan gaggawa. Saboda haka ita ake sakawa a kicin da garejin mota, inda hayaƙin soye-soye ko na salansa zai hana ƙararrawar hayaƙi zaman lafiya. Sai dai tana makara idan aka kwatanta ta da 'yar'uwarta, domin kafin silin ya kai wannan zafi wuta ta riga ta kama. Don haka ba a saka ta a hanyar fita a madadin ta hayaƙi, kuma amfaninta kaɗan ne matuƙar ba a haɗa ta da sauran ƙararrawar gidan ba, tunda kicin ɗin da ke ci da dare babu kowa a cikinsa da zai ji.

Akwai kuma na'urar gano kabon monoksaid, wadda ake buƙata a gidan da ke da murhun gas ko wani abu mai ƙona mai ko itace. Aikinta daban ne, kuma ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikin biyun nan.

Inda ake kafawa

Wannan shi ne ɓangaren da ya kamata a fi ɓata lokaci a kansa, kuma da takarda da alƙalami ake fara shi kafin a ɗauko tsani. A zana fasalin gidan, a nuna ɗakunan kwana, da kicin, da matakala idan bene ne, da ƙofar da za a bi a fita. Ƙa'idar Amurka ta NFPA 72 ta nemi a saka ƙararrawar hayaƙi a cikin kowane ɗakin kwana, da wajen ɗakunan kwana, da kowane hawa na gidan. Ƙa'idar Birtaniya ta BS 5839-6 ta kasa kariyar mataki uku: mafi ƙaranci shi ne hanyoyin fita kaɗai, na tsakiya ya ƙara da ɗakunan da wuta ta fi tashi a cikinsu kamar kicin da falo, mafi cika kuma ya game duk ɗakunan da wuta za ta iya tashi. A Sikotlan, tun daga watan Fabrairun 2022 doka ta wajabta wa kowane gida ƙararrawar hayaƙi a ɗakin da aka fi zama da kowace hanyar ɗakuna, da ƙararrawar zafi a kicin, dukkansu a haɗe da juna. Kowa ya duba dokar gini ta inda yake, amma inda doka ba ta fayyace ba, matakin tsakiya shi ne ƙaramin abin da zan yarda da shi, tare da ƙarin ƙararrawa a duk ɗakin da ake barci da ƙofa a rufe ko ake barin waya da kwamfuta a caji.

Hayaƙi mai zafi sama yake yi, ya bugi silin, sannan ya bazu zuwa gefe. Saboda haka tsakiyar silin ce mazaunin ƙararrawa. A kusurwar da bango ya haɗu da silin iska ba ta cika motsi ba, hayaƙi kan zagaye wurin na ɗan lokaci, don haka a bar tazarar akalla santimita 30 daga bango, da kuma daga fitila, domin zafin ƙwai da ƙurar da yake jawowa suna rikita na'urar. Idan dole ta sa sai an kafa a bango, samanta ya kasance cikin santimita 30 daga silin, kuma a tabbata littafin na'urar ya yarda da hakan. Ƙararrawar zafi kam a silin kawai ake kafa ta. Idan rufin mai gangare ne, a kafa kusa da ƙololuwa amma ba a cikin tsininta ba. Idan kuma akwai ginshiƙin da ya sauko sosai daga silin ya raba ɗaki biyu, a ɗauki kowane ɓangare tamkar ɗaki mai zaman kansa, domin hayaƙi zai cika ɗaya kafin ya tsallaka ɗayan.

A hanyar ɗakuna, ƙa'idar Birtaniya ta ce kada wani wuri ya fi nisan mita 7.5 daga ƙararrawar hayaƙi, kuma kada ƙofar ɗakin kwana ta fi nisan mita 3 daga gare ta. Ƙararrawar zafi ba ta kai nisan mita 7.5 ɗin nan ba, iyakarta mita 5.3. A gidan bene a saka ɗaya a ƙasa, ɗaya a saman matakala, domin matakala ita ce bututun da hayaƙi ke bi ya hau zuwa ga masu barci.

Wuraren da ake gujewa su ne suka fi jawo cire batir. Ƙararrawar hayaƙi ta yi nesa da murhu da akalla mita 3. Ta yi nesa da ƙofar banɗakin da ake wanka da ruwan zafi da kimanin mita 1, domin tururi yana watsa haske kamar yadda hayaƙi ke yi. Haka nan a bar irin wannan tazara daga bakin fikafikan fanka da bakin na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda matsalarsu ta fi haɗari: ba kukan ƙarya suke jawowa ba, kore hayaƙi suke yi daga na'urar ta yi shiru a lokacin da ake buƙatarta. Yawancin ƙararrawar hayaƙi an ƙera su ne domin yanayin da ke tsakanin digiri 4 da 38 ko kusa da haka, saboda haka sararin da ke tsakanin silin da kwanon rufi bai dace da su ba. A ƙarshe, a zaɓi wurin da hannu zai iya kaiwa da ɗan tsani, domin na'urar da aka maƙala a saman ramin matakala ba wanda zai gwada ta.

Daga ina za a ɗauko wuta

Ƙararrawar da ke aiki da batir kaɗai kowa na iya kafa ta da sukudireba. Wadda ke shan wutar gida kuwa, mai volt 230 ko 120 gwargwadon ƙasa, aikin ƙwararren ma'aikacin lantarki ce, kuma a ƙasashe da dama doka ba ta yarda wani ya ja sabon layi ba sai mai lasisi. Mai gida ya karanta abin da ke tafe domin ya san abin da zai nema da abin da zai duba, ko da ba shi zai riƙe filaya ba.

Hanyoyi biyu ne. Ko dai a ware wa ƙararrawar layinta daga akwatin rarraba wuta, da ƙaramar bireka mai amp 6, wato makunnin da ke yanke wutar layi da kansa idan an sami matsala, a rubuta sunanta a jiki, ko kuma a ɗauko wutar daga layin fitilun da ake amfani da su kullum. Hanya ta biyu tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: idan birekar ta faɗi, duhu zai sanar da mutanen gida nan take, alhali birekar da ke ciyar da ƙararrawa kaɗai tana iya yin watanni a kashe ba wanda ya sani har batiran ajiya su ƙare. Kowace aka zaɓa, sharaɗin shi ne wutar ta zama mai ɗorewa. A ɗauko ta daga wayar da ke da wuta dare da rana, kafin makunni, domin idan aka ɗauko bayan makunni to duk wanda ya kashe fitila zai kwanta ya kashe ƙararrawar ke nan. Kada kuma a bi da ita ta makunnin rage hasken fitila. Gidan da ke amfani da inbata ko janareta ya duba littafin na'urar tukuna, domin wasu ƙararrawa ba sa jure wutar da ba ta da tsabta. Dukkan ƙararrawar da aka haɗa da waya dole su sha daga layi ɗaya.

Daga tushen wuta zuwa ƙararrawa ta farko ana jan kebul mai wayoyi biyu, mai wuta da nutural wadda wuta ke komawa ta cikinta, da wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta kauce zuwa ƙasa. Daga ta farko zuwa ta biyu, da daga ta biyu zuwa ta uku har ƙarshe, ana jan kebul mai wayoyi uku da wayar ƙasa, kaurin milimita 1 ko 1.5 murabba'i. Waya ta ukun ita ce wayar haɗi, wadda ke kai saƙo daga ƙararrawar da ta ji hayaƙi zuwa sauran domin su ɗauka tare. A tsarin Birtaniya launukan su ne ruwan ƙasa, baƙi da ruwan toka, kuma abin da aka saba shi ne ruwan ƙasa ta zama mai wuta, ruwan toka ta zama nutural a saka mata shuɗiyar riga a baki, baƙa ta zama ta haɗi. A tsarin Amurka baƙa ce mai wuta, fara nutural, ja ta haɗi. Tsofaffin gidaje na iya zuwa da wasu launuka, don haka testa, wato na'urar gwada ko waya tana da wuta, ita ce ke da magana ta ƙarshe. Abin da ba ya canzawa shi ne launin da aka ba wani aiki a ƙararrawa ta farko ya ci gaba da wannan aiki har ta ƙarshe. Kada a taɓa mayar da wayar ƙasa ta zama wayar haɗi don tsimin kebul, ko da an ga na'urar roba ce ba ta buƙatar ta.

Kada a gauraya ƙararrawar kamfanoni daban-daban a kan wayar haɗi ɗaya sai idan masu ƙera su sun rubuta cewa sun dace, domin saƙon da suke aikawa ba iri ɗaya ba ne. Akwai kuma iyakar adadi: NFPA 72 ta tsaya a na'urori 18 a haɗi ɗaya, waɗanda ƙararrawar hayaƙi a cikinsu ba za su wuce 12 ba, kuma kowane kamfani yana da tasa iyakar. Inda fasa silin ko jan waya tsakanin hawa biyu zai yi wuya, akwai ƙararrawar da ke haɗuwa ta siginar rediyo, kowace ta sha wuta daga fitilar da ke kusa da ita ko daga batirin litiyom na shekara 10.

Aikin kansa

Kafin a taɓa kowace waya, a kashe birekar layin, a kulle ta ko a rataya mata sanarwa domin kada wani ya zo ya mayar. Sannan a gwada testa a wurin da aka san akwai wuta domin a tabbata tana aiki, a gwada wayoyin da za a yi aiki a kansu tsakanin mai wuta da nutural, da mai wuta da ta ƙasa, da nutural da ta ƙasa, sannan a koma a sake gwada testar. Kashe makunnin bango bai wadatar ba, domin a mazaunin fitila yawanci akwai wayar da ke da wuta ko da fitilar tana kashe, kuma ita ce ma ake nema.

Ƙararrawa kashi biyu ce, faranti da kai. A ɗora farantin a inda aka yi alama, a zana ramukan sukurori da ramin waya, a huda bayan an tabbata babu bututun ruwa ko wata waya a sama. A silin allo, a nemi katako a ɗaure a jikinsa ko a yi amfani da maƙalan da aka yi domin allo. A silin kankare, a huda a saka filogin roba, wayar kuma ta bi ta bututu ko magudanar waya. Idan kebul zai bi ta fili a hanyar fita, a riƙe shi da maƙalan ƙarfe, domin na roba suna narkewa a gobara, kebul ya sauko ya harɗe mai gudu ko ma'aikacin kashe gobara.

A zaro kebul ta ramin farantin da tsawon da zai isa a yi aiki ba tare da ja ba. A feɗe rigar waje ta yadda ƙarshenta zai tsaya a cikin farantin ko akwatin, sannan a feɗe bakin kowace waya gwargwadon abin da littafin ya nuna, yawanci ƙasa da santimita ɗaya, ta yadda idan ta shiga mazauninta ba za a ga jan ƙarfe a waje ba. Mazaunan suna da alama: L domin mai wuta, N domin nutural, sai na uku domin haɗi. A ƙararrawar da ke tsakiyar layi kowane mazauni zai karɓi wayoyi biyu, mai shigowa da mai wucewa, kuma a nan ne aka fi samun sako-sako, domin sukur yakan kama ɗaya ya bar ɗaya. Bayan an ɗaure, a ja kowace waya ita kaɗai da yatsu biyu a ga ko za ta zame. Wayoyin ƙasa a saka musu rigarsu mai kore da rawaya, a haɗa su a mazaunin da aka tanada domin layin ƙasa ya ci gaba ba yankewa. A ƙararrawa guda da ba a haɗa ta da kowa ba, mazaunin haɗi a bar shi babu komai.

Kuskure mafi tsada a wannan mataki shi ne wayar wuta ta shiga mazaunin haɗi, ko a juya mai wuta da nutural a ɗaya daga cikin farantan. Wayar haɗi ƙaramin saƙo aka yi ta ta ɗauka, kuma idan cikakkiyar wutar gida ta bi ta, tana iya ƙona dukkan ƙararrawar da ke kan layin a lokaci guda. Saboda haka a bi farantan ɗaya bayan ɗaya a sake duba launuka kafin a mayar da wuta. Idan ma'aikacin zai yi gwajin ingancin rigar waya da na'urar da ke tura volt 500, ya yi shi kafin a ɗora kawunan. Ramin da kebul ya fito ta cikinsa kuma a toshe shi, domin iskar da ke hurowa daga saman silin tana iya ture hayaƙi daga na'urar, kuma ta nan ƙura da ƙananan ƙwari ke shiga.

Daga nan sai a saka batirin ajiya ko a zare 'yar takardar da ke tsare shi, a rubuta ranar kafawa a gefen na'urar, a ɗora kan a murɗa ko a tura har ya yi ƙas. Idan ana cikin gini ko fenti, a bar hular robar da ta zo da na'urar a kanta har a gama, amma a tuna cewa muddin hular tana nan ƙararrawar ba ta aiki, don haka a cire ta duk ranar da za a kwana a gidan.

Gwaji da kulawa

Idan aka mayar da bireka, koriyar fitila za ta kama a jikin kowace ƙararrawa, alamar tana samun wutar gida. A danna maɓallin gwaji na ta farko a riƙe na 'yan daƙiƙoƙi har sauran su amsa, wani kuma ya zagaya ya tabbatar kowace tana ƙara. A maimaita haka daga kowace na'ura, domin mai yiwuwa ne ɗaya tana karɓar saƙo amma ba ta aikawa. Sannan a kashe bireka a sake gwadawa, domin a ga batiran ajiya suna ɗaukar nauyin aikin. Kada a gwada da ashana ko kyandir, domin harshen wuta yana lalata na'urar, kuma maɓallin ya isa.

Gwajin da aka fi mantawa da shi shi ne na kunne. An ƙera ƙararrawa ta ba da ƙara mai ƙarfin desibel 85, a ma'aunin ƙarfin sauti, a nisan mita 3, amma rufaffiyar ƙofa tana cinye kimanin desibel 20, alhali abin da ake so a kan matashin mai barci shi ne wajen desibel 75. A shiga kowane ɗakin kwana, a rufe ƙofa, a kunna fanka ko na'urar sanyaya ɗaki kamar yadda ake yi da dare, wani ya danna maɓalli daga waje. Idan ƙarar ta zo a dushe, ɗakin yana buƙatar tasa ƙararrawar. Ƙananan yara sukan yi barci ta cikin ƙarar duk ƙarfinta, saboda haka a san babban da zai tashe su. Domin kurame da masu ƙarancin ji akwai fitila mai walƙiya da faifai mai girgiza da ake sakawa ƙarƙashin matashi, waɗanda ake haɗawa da tsarin.

Bayan haka a riƙa danna maɓallin gwaji akalla sau ɗaya a wata, a share ƙurar ramukan na'urar da burushi mai laushi ko injin zuƙe ƙura lokaci-lokaci, kuma kada a shafa mata fenti. Ɗan gajeren ƙara da ke fita kusan kowane minti ɗaya yana nufin batir ya yi rauni ko na'urar ta tsufa, kuma maganinsa canji ne a ranar. Idan ƙararrawa ta tashi gaba ɗaya, wadda jar fitilarta ke ƙiftawa da sauri ita ce ta ji wani abu, kuma sai an duba an tabbata babu wuta sannan a danna maɓallin shiru, wanda ke rage jin na'urar na kimanin minti 10 kafin ta koma daidai da kanta. Wadda ke yawan tashi ba dalili, a matsar da ita nesa da murhu ko banɗaki, ko a sauya ta da nau'in da ya dace da wurin. Kowace ƙararrawa, mai waya ko mai batir, ana sauya ta idan ta cika shekara 10, kuma ana lissafin ne daga ranar ƙira ko ranar ƙarewar da aka buga a bayanta. Lokacin sauyawa a duba ko sabon kan ya dace da tsohon faranti, idan bai dace ba a kashe wuta a sauya farantin tare da shi.